Kujeru Bakwai na Goggo Mai Keke

A layin da ke bayan tashar mota, inda kwata ta ratsa titi ta raba shi biyu, akwai wata majami'a da baƙo ba zai gane majami'a ce ba sai an nuna masa. Asalinta ɗakin ajiyar buhuna ne, kuma har yau in rana ta yi zafi sai a ji bangon yana fitar da warin tsohon hatsi. A bayan wurin sujada akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya da ake kira ɗakin shawara. Dogon teburi ne a ciki da kujeru bakwai na katako, kowace da matashinta. Wadda ta ɗinka matasan nan ita ce Goggo Mai Keke, kuma duk wanda ya san majami'ar ya san ta, ko da ta hanyar faɗan da ta taɓa yi masa ne.

Tela ce. Ta zo layin tana amarya, keken ɗinkinta a kan amalanke an lulluɓe shi da zane kamar marar lafiya, ita tana biye a ƙasa tana yi wa mai turawa kashedi kada ya jefa mata shi a kwata. Tun ranar sunan ya bi ta, na ainihin kuwa ya ɓace, har in an kira ta da shi a asibiti sai ta waiga ta ga ko da wa ake. Gajeriya ce mai kaifin ido, harshen ya fi idon kaifi, kullum da tef ɗin awo a wuya. Mijinta kafinta ne, dogo mai sanyin tafiya, da fensir a bayan kunne ko a wurin biki. Allah bai ba su haihuwa ba, sai suka riƙe 'yar ƙaninta tun tana rarrafe.

A shagon ɗinkin nan aka fara sujada, mutum bakwai a tsakanin ƙyallaye, ana waƙa ana ture almakashi gefe. Da jama'a suka yi yawa har wasu na tsayuwa a bakin titi, sai aka sami ɗakin buhunan. Nan ne fa hukuma ta ce gini ba ya zama na taron jama'a haka kawai. Sai an yi wa ƙungiya rajista, an fitar da amintattu, wato mutanen da za a damƙa ginin a hannunsu amana, su ne masu sa hannu, su ne kuma za a nema in wani abu ya faru. Ba a sha wahalar zaɓe ba. Mutum bakwai ɗin nan na shago aka rubuta: Kafinta da Direba da Ticha da Mai Burodi da Nas da Mai Rediyo, sai ita. Wasu sun ce an sa ta ne don a cika bakwai. Gaskiyar magana, ba a sami mai ƙarfin halin da zai je ya gaya mata ba da ita ba.

Kafinta ne ya yi kujerun, kowace daidai da mai ita. Ta Direba mai faɗi ce, don Allah ya ba shi jiki. Ta Nas gajeriya, saboda kada ƙafafunta su riƙa lilo. Ta Ticha kuwa ya miƙar da bayanta tsaye ƙyam, don in ya sami wurin jingina barci yake yi. Tasa ya yi a ƙarshe da guntayen katakon da suka rage, ƙafa ɗaya ta fito gajeriya. Ya ce gobe zai gyara. Goggo ta ninke wani ƙyalle ta cusa a ƙarƙashin ƙafar kafin goben ta zo.

Ba su san ƙuri'a ba, ba su san ɗaga hannu ba. In an tattauna magana har shayi ya huce, sai Ticha, wanda shi ne shugaba, ya bi kujerun ɗaya bayan ɗaya, ya kalli mutum cikin ido ya ce, "Akwai ja?" Wanda ya yi shiru ya yarda ke nan. Wanda yake da ja kuwa sai ya faɗa, a koma a sake dafa shayi.

To, mai yawan sa a sake dafa shayin nan ba kowa ba ne, Kafinta ne, kuma ba da kowa yake ja ba sai da matarsa. Mutumin da a gida ko gishiri ya yi yawa a miya sai ya shanye ya ce an gode, da zarar ya hau kujerar nan mai gurguwar ƙafa sai ya zama wani daban. In ta ce labule shuɗi, ya ce kore. In ta ce a sayi ƙararrawa, ya tambaya ko wani ya kurumce ne. Sai ya zare fensir daga kunne, ya ƙwanƙwasa teburi da shi, ya ce, "Ina da ja, da izinin shugaba." In an tashi, mutanen layi sun saba ganinta a gaba tana huci, shi a baya yana ɗauke da butar shayi. Ta sha rantsewa ba za ta dafa masa abinci ba, ta sha kuma karya rantsuwar. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne sau da yawa shi ne da gaskiya, kuma ba ya ko yin dariyar mugunta ta samu abin kamawa.

Direba ne ya fara rasuwa, ba a kan hanya ba kamar yadda kowa yake tsoro, a kan gadonsa. A zaman da ya biyo baya Mai Rediyo ya kai hannu zai ja kujerar ya jingine ta da bango, sai Kafinta ya dafa bayanta.

"Bar masa kujerarsa. Mutum ya tafi jiya, yau mu share wurinsa kamar dama jira muke?"

Aka bar ta. Da Ticha ya zo zagayen tambaya, baki ya riga ya saba, sai ya kalli kujerar da ba kowa ya ce, "Akwai ja?" Ɗakin ya yi tsit. Can sai Mai Burodi ya ce tun da yake bai taɓa ganin Direba ya yarda da magana da wuri haka ba. Suka yi dariya har da hawaye, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba. Daga ranar abin ya zauna. Babu wanda ya ce wannan doka ce. Kunya ce da ƙauna suka haɗu, aka rasa wanda zai fara cewa a cire sunan ɗan'uwansa.

Haka shekaru suka yi ta tafiya suna ɗauke su ɗaya ɗaya. Nas ta bi, Mai Rediyo ya bi, Mai Burodi, sannan Ticha. Duk wanda ya tafi kujerarsa na nan, ana tambayarta, ana lissafa shirunta cikin masu yarda. Zamanin da suka rage su biyu shi ne ya fi kowane daɗi a bakin masu ba da labari: ita shugaba, shi mai ja, kujeru biyar suna saurare, butar shayi na kai da kawo. Sai wata safiya Kafinta ya zauna a bakin gado zai sa takalmi, ya ce mata kansa na juyawa, kafin ta kawo ruwa ya riga ya kwanta dama. Ya bar ta da akwatin kayan aiki da ƙafar kujerar da bai gyara ba.

Mutane sun zaci shi ke nan zaman shawara ya ƙare. Ina! A ranar da aka saba, da la'asar, Goggo ta dafa shayi ta buɗe ɗakin ta zauna a kujerarta. Fasto da dattawan ikilisiya suka zauna a benci a jikin bango, don ba amintattu ba ne, nasu kawo magana ne kawai. Aka tattauna, ta bi kujeru shida da tambaya, ba wanda ya ja, magana ta zauna. Fastoci sun zo sun tafi, duk haka suka tarar, haka suka bari. An taɓa kawo wani sabo da ya shigo da fara'arsa ya nufi kujerar Ticha. Bai kai ga zama ba ta tambaye shi ko a garinsu haka ake zama a kan cinyar manya. Har ya bar garin bai ƙara kallon wajen ba.

Kada wani ya ce tsufa ne ya taɓa mata kai. Ta san sun mutu sarai, ita ta ɗinka wa uku daga cikinsu kayan da aka binne su da su. Amma duk wata, na ɗan lokacin nan da shayi yake hucewa, ba gwauruwa ba ce mai kwana ita kaɗai. Shugaba ce a cikin mutanenta, kuma mijinta na zaune a hannun damanta. Wannan ne abin da take riƙe da shi, kuma kowa a ikilisiyar ya gane, shi ya sa aka yi shiru.

A irin wannan zaman ne Fasto na yanzu, mutum mai sanyin murya da tsoron ɓata wa tsofaffi rai, ya kawo maganar rufi. Ya ce gefen da ya leƙa titi ya fara saki, ko za a kira masu gyara. Goggo ta ce rufin nan Kafinta ne ya kafa shi da hannunsa, ba irin aikin 'yan yanzu ba ne da iska ke ɗauka, a bar shi. Ta bi kujeru ta tambaya. Babu ja.

Damina biyu bayan haka, wata rana da hantsi bayan an sha ruwa, gefen rufin ya ɓalle da katakonsa ya faɗo a kan wata mai sayar da kayan miya da take wucewa da tire a kai. Allah ya kiyaye rai, amma kafaɗa ta karye. Kafin mako ya zagayo jami'in hukumar gine-gine ya zo ya duba, ya ce ko dai a gyara rufin gaba ɗaya kafin ruwa ya yi ƙarfi, ko a garƙame ƙofa. Jama'a suka yi karo-karo, aka sami ɗan kwangila. Shi kuma ya ce ba zai ɗora tsani ba sai amintattu sun sa hannu, mutanen inshorar ginin ma suka ce sai amintattun sun zo da kansu. Fasto ya rasa yadda zai yi musu bayani, sai ya kira Lauya.

Lauya ita ce 'yar ƙanin nan da Goggo ta riƙe tun tana rarrafe, yanzu ta zama babbar mace mai ofis a cikin gari. Ta zo shagon ta zauna a kan tulin yadi, inda take zama tun tana 'yar makaranta, ta jira har keken ya tsaya.

"Goggo, ranar da aka ce a bar rufin nan, amintattu nawa ne suka zauna?"

"Bakwai."

"Masu numfashi nake nufi, Goggo."

Goggo ta sauke tabarau ta kalle ta sama da ƙasa. "A bayan nan na goya ki. Yau ke za ki koya mini ƙidaya?"

Lauya ba ta ɗaga murya ba, don ta san wadda take magana da ita. Ta yi mata bayani a hankali cewa tsarin da su bakwai suka sa wa hannu da kansu ya ce magana ba ta zama sai mutum huɗu sun hallara, kuma kotu ba ta san kujera ba, mutum ta sani. Don haka duk shawarar da aka yanke tun da suka gaza huɗu, a idon doka kamar ba a yi ba. Ginin yana hannun amintattu, amintacciya ɗaya ce a raye, ke nan alhakin kafaɗar matar nan a wuyanta yake ita kaɗai, har abin da ta mallaka ana iya taɓawa.

Goggo ta ce su zo su ɗauki keken, dama ya tsufa.

"Ba keken ba ne, Goggo. Ƙofar za su rufe."

Hanya ɗaya ce ta rage, in ji Lauya. Wanda ya saura cikin amintattu yana da iko ya tsaya a gaban ikilisiya ya bayyana da bakinsa cewa kujerun sauran babu kowa a kansu, a naɗa sababbi. Kujeru bakwai tsarin ya yarda da su, ba a ƙara ta takwas, kuma ba wanda zai iya faɗin maganar nan sai ita. Goggo ta mayar da tabarau, ta ɗora ƙafa a kan keke. Ta ce biyar ɗin ma da wuya, amma ba a haifi wanda zai sa ta tsaya gaban jama'a ta kori mijinta ba. Lauya ta yi lallashi, Fasto ya zo ya yi, dattawa suka zo a jere kamar masu biko. Ta yi kunnen uwar shegu da su duka, ta ci gaba da ɗinki.

Abin da ba ta iya ƙi ba shi ne zuwa dubiya, don ba a taɓa jin wani ya kwanta a layin nan Goggo ba ta je ba. Ta tarar da mai kayan miyar a gadon asibiti, an naɗe kafaɗar, 'yarta na ba ta ruwa a cokali. Matar ba ta yi fushi ba, abin da ya fi yi wa Goggo ciwo ke nan. Ta ce ai ta daɗe tana ganin gefen rufin nan ya sunkuya, kullum in za ta wuce sai ta ɗaga kai, amma ta ce a ranta masu wurin manya ne, suna da kwamiti, sun fi ta sani.

A hanyar komawa Goggo ta tsaya a gaban majami'ar, ta ɗaga kai ta kalli inda ya ɓalle. Ƙusoshin sun ci tsatsa har sun zama kamar tsinke. Sai ta tuna yadda Kafinta yake yi duk shekara kafin ruwan farko: ya jingina tsani, ya hau yana bin ƙusa ɗaya ɗaya da guduma, ita tana riƙe da tsanin a ƙasa tana ce masa zai faɗo ya bar ta da jinya. Mutumin da bai taɓa yarda da ƙusar da ya kafa da hannunsa ba, shi ne ta tambaya ko a bar rufi, ta ce ya yarda. Da yana zaune a kujerar nan ranar, da ya zare fensir tun kafin ta rufe baki. Tun da ya rasu bai ja da ita ko sau ɗaya ba, ita kuma ta ji daɗin hakan, ba ta tsaya ta tambayi kanta ko yaushe mijinta ya koyi yarda da ita ba. Kunya ta kama ta, kewarsa kuma ta taso mata sabuwa fil kamar ranar da aka fita da shi.

Ran Lahadi bayan sujada ta sa aka fito da kujerun bakwai aka jera a gaban jama'a. Yara da yawa ranar suka fara ganinsu. Lauya ta zauna a gefe don ta shaida, ta ba Goggo kalmomin da za ta faɗa, Goggo ta ce ta riƙe abinta, ta san yadda ake sallamar baƙo.

Ta fara da ta Direba. Ta dafa bayanta, ta gode masa da itacen rufi da ya ɗauko a motarsa kyauta, ta ce ya huta, kujerarsa babu kowa. Ta yi wa Nas godiyar alluran da ta yi wa rabin mutanen da ke zaune a wurin. Ta ce wa Mai Rediyo har yau lasifikar da ya haɗa tana ƙara, amma an yafe masa. Mai Burodi ta ce masa tun da ya tafi ba a ƙara cin burodin kirki a ɗakin shawara ba. Ticha kuwa ta ce yanzu sai ya jingina ya yi barcinsa. Jama'a na dariya suna share ido, duk kujerar da ta sallama sai ta cire matashin ta rungume.

Da ta zo ta ƙarshe sai ta tsaya. Ta gyara tef ɗin da ke wuyanta, ta sake gyarawa. Sannan ta yi magana da murya irin ta ɗakin shawara.

"Kafinta, an kawo magana a ɗauke ka daga kujerar nan a ba wani. Akwai ja?"

Ta jira. Ta jira fiye da yadda ta taɓa jira, har wani jariri ya yi kuka a baya aka fita da shi. Kujerar na nan a karkace a kan ƙyallenta.

"Da kana nan da ka ja," ta ce a hankali. Ta juya ta fuskanci jama'a. "Kujerar nan babu kowa."

A ranar aka naɗa mutum shida, aka sa hannu, ɗan kwangila ya ɗora tsani washegari da safe. Inshora ta ɗauki jinyar mai kayan miya bayan Lauya ta yi ta zirga-zirga, ƙofar majami'a kuma ba a rufe ta ko na yini ɗaya ba. Kujerar Kafinta ta faɗa wa wani mai walda, ƙato mai faɗin hannu, wanda Goggo ta taɓa kora daga sujada yana yaro saboda surutu. Ya ce zai gyara ƙafar, ta ce ya taɓa ya gani.

A zaman farko ɗakin ya cika da numfashi da tari da ƙarar kofuna, har ta ji ya yi mata ƙanƙanta. Bayan maganar rufi, ta ce tunda an yi sabon sama sai a yi sababbin labulaye, shuɗɗa, ita za ta ɗinka. Ta bi kujeru da tambaya kamar kullum, tana sauri don ta saba ba a amsawa. Da ta zo hannun damanta, kujerar ta yi ƙara, Mai Walda ya gyara zama ya share murya.

"Goggo, ki yi haƙuri, ina da ja. Shuɗi yana saurin koɗewa a rana. Ni da kore aka yi."

Fasto ya sunkuyar da kai yana jiran abin da zai biyo baya. Goggo ta buɗe baki, faɗan na nan a kan harshenta a shirye, amma ya ƙi fitowa. Ta daɗe tana kallon kujerar. Sannan ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta tura butar zuwa tsakiyar teburi.

"A sake dafa shayi," ta ce.